Farar Fitila a Hanyar Damagaram

Shekarar da muka yi wannan tafiya soja sun riga sun koma barikinsu, farar hula sun ci zango guda har suna neman na biyu. Damina ta uku ce da rasuwar Alhaji maigidana, kuma ita ce daminar da katangar Hajiya Ladi mai ƙosai ta rufta a nan Gwammaja ta danne mata akuyoyi. Wayar hannu ta fara shigowa, amma sai a hannun masu hali. Wanda ya san waɗannan abubuwa ya san lokacin da nake nufi.

Tun da na dawo mata suke damuna da tambaya. A gidan biki, a gidan suna, har a gidan mutuwa sai wata ta matso ta ce, Hajiya Yalwa, wai yaya Damagaram ɗin nan take? Sai in ce lafiya lau, akwai kilishi, akwai rairayi, in shiga wata maganar. Waɗanda suka fara tambayar da yawansu sun rasu ba su ji ba, 'ya'yansu sun gaji tambayar. To yau zan faɗa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ban taɓa ba da labari wani ya tashi ya bar wurin ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na hana a gyara mini magana.

Sai na fara da motar, don ita ce tushen zancen. Fijo ce doguwa, fara, Alhaji ya saye ta tun yana safarar fata daga Kurmi. Daga ƙasar Faransa aka kawo ta da fitilunta ruwan ɗorawa, haske mai laushi kamar na fitilar ƙwai da aka wanke wa gilashi. Duk unguwa in an hango idanu biyu rawaya sun karyo kwana, an san motar gidanmu ce. Direbanta Malam Ilu ne, mutumin Ɗambatta. Ya zo gidanmu gemunsa baƙi ƙirin, ya yi fari tas a hannunmu. Shi ya kai yarana makaranta, shi ya kai 'yan matana ɗakunan mazajensu, shi ya bi gawar Alhaji da mota cike da tsofaffin da ba sa iya takawa zuwa maƙabarta. Ba ya gudu, ba ya shan taba, ba ya sa baki a zancen da ake yi a bayan mota. Shekara talatin da ɗoriya, ban taɓa jin sirrina a bakin wani ba.

Wata magariba yana dawowa da ɗana na fari, wanda nake kira Alhaji Ƙarami, sai ya goge baron mai lemo a wajen Shahuci. Ba wanda ya ji ciwo, lemo ne ya watse a titi. Amma yaron ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, ya ce idon Baba Ilu ya tafi, zai nemo matashi ya riƙe motar, shi kuma tsohon ya huta, abincinsa da suturarsa ba za a taɓa ba. Na ce masa mutumin da ya goya ka a kafaɗa za ka karɓe wa mukulli? Ya ce ai shi ya sa, ba ya son ranar da za a zo a ce Baba Ilu ya kashe ɗan wani.

Da safe Ilu ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofar tsakar gida, inda ya saba tsayawa. Ya ce ya ji abin da ake shiryawa. Ya rantse ba idonsa ba ne, fitilar ce ta tsufa. Ya ce in dubi motocin 'yan siyasar nan da suka cika gari, masu farar fitila da ke mai da dare rana. In aka sa wa Fijo irinta, ko allura ce a kan kwalta zai gani. Na dube shi, na ga mutumin da bai iya komai ba a duniya sai tuƙi. Na ce a sa.

Ana cikin haka goron gayyata ya zo daga Damagaram. Hajiya Mariyama ce, aminiyata, wadda take sauka a gidana duk sanda ta zo Kurmi sarin atamfa da kayan ƙamshi. Autarta za ta aurar, kuma ta aiko cewa ni zan kama amarya, ba wata ba. Sai na kira Alhaji Ƙarami na yanke magana. Na ce Ilu zai kai ni ya dawo da ni. In motar ta dawo ba ko ƙwarzane, mukulli nasa ne, kada in sake jin zancen matashi. In ta dawo da tabo, ya yi yadda ya so. Ya ce ya ji.

Ana gobe za mu tashi Ilu ya kai motar Ƙofar Ruwa wajen mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Aka cire ƙwayayen rawaya, aka sa wasu masu gilashi shuɗi-shuɗi. Bayan magariba ya kunna su a ƙofar gida, na leƙo ta zaure. Katangar maƙwabcinmu ta yi fari fat, har tsagar da ke jikinta da ƙadangaren da ya kwanta a ciki sai da muka gani. Yara suka taru suna shewa. Limamin masallacin unguwa ya zo wucewa ya kare idonsa da hannun riga, ya ce wannan fitila ai sai ta tona wa mai tafiya asiri. Ilu yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na tambaye shi ina tsofaffin ƙwayayen, ya ce ya bar su can, me za a yi da su.

Gaskiyar magana ba mu yi niyyar kunna ta a hanya ba. Shirin shi ne mu fita bayan asuba, la'asar ta yi mana a Damagaram, in huta, in yi wanka, in kama amarya da daddare. Amma na ɗauki ƙanwata Azumi, kuma wanda ya ɗauki Azumi ya ɗauki jinkiri. Mun kai Ƙofar Mazugal ta tuna ta bar ƙullin goronta, muka koma. A Kazaure ta ce sai ta sayi dafaffen ƙwan zabi. A Daura kuwa ta ce haram ne ta wuce ba ta gai da surukar 'yarta ba, minti kaɗan, muka shiga aka yanka kaza. Wa zai tashi ya bar kazar da aka yanka dominsa?

Bayan motar cike yake da kwallaye, alkaki da nakiya da dubulan na gara, ni na tsaya a kan suyarsu da kaina. A wani shinge ɗan sanda ya sa aka buɗe, ya ce Hajiya a ba yaro na taɓa ka lashe, kafin in amsa ya zura hannu ya ɗebi alkaki. Azumi ta ce da soja ne ɗauka zai yi bai roƙa ba, wannan kuwa ya roƙa sannan ya ɗauka, to ga dimokuraɗiyyar da ake ta faɗa a rediyo. Har Ilu sai da kafaɗarsa ta motsa.

A Kwangwalam, bakin iyaka, namu ba su tsare mu ba. Da muka tsallaka Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, nan muka ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da ke buga wa takardar mota hatimi ya tafi gida barci. Aka ce haka suke yi, in azahar ta yi sai a rufe ofis, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. Na ce a Kano ko maigadi kunyar barcin rana yake ji a gaban mutane. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo siriri, ya ce Inna ki yi haƙuri, ya ɗauko mini benci da kansa ya ajiye a gindin bedi, wato darbejiya. Ladabi kam suna da shi. Hausarsu ma tamu ce, sai dai suna jefa Faransanci a ciki yadda yaranmu suke jefa Turanci.

Muka zauna. Wata mata ta sayar mana da dambun zogale da ƙuli, ya yi daɗi, ban ɓoye ba, amma gishirinsa ya yi kaɗan. Azumi ta sayi burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ta gatsa, ta dafe muƙamuƙi tana salati, ta ce wannan ba na ci ba ne, na korar kare ne. Maza suna gefe suna dafa shayi a 'yar buta a kan gawayi, suna sha a kofin da bai fi a zuba kwalli a ciki ba, su shanye su sake ɗorawa, ba wanda yake sauri. Jandarman nan ya zagaya motarmu, ya tsaya a gaba, ya ƙwanƙwasa gilashin fitilar da farce. Ya ce wa Ilu, Baba, wannan za ta sa a zage ka a hanyarmu. Muka ɗauka wasa ne.

Mai hatimi ya dawo, amma manyan motoci sun riga mu layi. Kafin a sallame mu rana ta yi ja, hadari kuma ya haɗo daga gabas. A Matamaye muka yi sallar magariba. Ina gyara mayafina zan shiga mota sai Ilu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ko mu kwana a nan? Da asuba sai mu ƙarasa."

Na ce, "Amarya tana jirana. Ba ga fitila ba?"

Me zai ce? Shi da bakinsa ya ce mini ba ido ba ne, fitila ce, kuma ga fitila an sa. In ya ce ba zai iya ba, ya ba Alhaji Ƙarami gaskiya tun ba a je ko'ina ba. Har yau ban ce na yi laifi ba, maganarsa na mayar masa. Ya buɗe mini ƙofa, ya rufe, ya shiga ya tayar.

Da farko abin sha'awa ne. Hanya ta fito tar, gonakin gero dama da hagu kamar da rana, Azumi tana ta sa wa mai wayarin albarka. Sai yayyafi ya fara, sai shinge, ƙwarin nan masu fiffike, ya taso. Ban taɓa ganin shinge irin na ranar ba, duk na dajin ya yo kan hasken nan, suna faɗowa a gilashi suna fashewa, waifa tana shafe su tana damawa. Sai ruwa ya sauko sosai. Farin hasken ya daki ruwan ya dawo mana, gabanmu ya zama kamar an rataya farin zane. Ilu ya rage gudu har jaki zai iya wuce mu. Can na ji ya ce, Azumi, wancan kwana ce ko itace? Mutumin da bai taɓa tambayar kowa hanya ba.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa zama a gaban mota ba. Matar Alhaji ba ta zama kusa da direba, ko da Alhaji yana raye ko bayan ransa. Wurina baya ne, ɓangaren dama. Ranar na ce ya tsaya. Na fito cikin ruwa, na zagaya, na buɗe gidan gaba na zauna. Azumi ta ce Yaya lafiya, na ce ta yi mini shiru. Da na zauna kusa da shi na ga abin da ba a gani daga baya. Ƙirjinsa yana kan sitiyari, goshinsa ya kusa taɓa gilashi, idanunsa suna ta zubar da ruwa yana sharewa da kafaɗa. Na ce, Ilu, tuƙa, zan riƙa faɗa maka. Haka muka yi ta tafiya, ina cewa ɗan yi dama, rami a hagu, miƙe, yana cewa to Hajiya, to Hajiya. Ni da ban san birki da totur ba.

Ashe direbobin hanyar suna da ƙa'idarsu. In mota biyu za su haɗu, kowa ya sauke fitilarsa daga doguwa zuwa gajeriya don kada ya kashe wa ɗan'uwansa ido. Wanda ya ƙi, a rama masa. Wata babbar mota ta taho, ta ƙifta mana sau ɗaya, ta sake ƙiftawa. Ilu ya ce wallahi a gajeriya take. Amma gajeriyar farar fitilar nan ta fi doguwar kowa, mai babbar mota ya ɗauka raini ne. Sai ya sakar mana duk abin da Allah ya hore masa, har da waɗanda ke kan rufi. Ni mai lafiyar ido ban ga komai ba sai fari. Na ji Ilu yana salati, na ji motar ta sauka gefen kwalta, sannan na ji mun daki wani abu mai nauyi, mai rai.

Amalanken shanu ne, yana tafe a gefen hanya za shi gida. Sa ɗaya ya faɗi, ƙafarsa ta gaba ta karye. Da sauran fitila ɗaya da ba ta fashe ba na hango mace tana tasowa daga cikin gero da goyo a bayanta, ashe a kan amalanken take, ya wurgar da ita kan jiƙaƙƙen rairayi. Ta kwance goyon ta duba, 'yar ta tsala kuka, ta mayar ta ɗaure. Ilu kuwa yana zaune riƙe da sitiyari, ko motsi bai yi ba.

Na ce yau mun shiga uku, don na san abin da zai faru da a wajen Kano ne, kafin ka buɗe baki an taru an fasa gilashi. Mutane suka fito daga ƙauyen da tocila. Mai shanun, wani magidanci ana ce masa Malam Haru, ya leƙo ta taga, ruwa yana zuba daga hularsa, abin da ya fara cewa shi ne, kowa lafiya a ciki? Sannan ya juya ya ce a kawo wuƙa kafin san ya zama mushe. A nan bakin hanya aka yanka shi. Aka tura motarmu zuwa ƙofar gidansa.

Matar da ta faɗo ɗin, Hadiza sunanta, ita ce matarsa, kuma ita ta share mana ɗaki ta shimfiɗa tabarma a kan gadon kara, tana ɗingishi kaɗan tana ce mana sannu da wahala. Ta kawo fura mai kauri da nono, ta kawo tuwon gero miyar kuka, sannan aka shigo da gasasshiyar hantar san da muka kashe, wai baƙo ne yake fara ci. Na ture nawa gefe. Azumi ta ci nata ta ci nawa, tana kuka tana cewa naman ya yi taushi. Ilu yana zaure tare da maza, aka ce ko ruwa bai sha ba. Amarya kuwa tana can, wata ta kama ta.

Da safe ba wanda ya ta da zancen sa sai da muka karya. Sannan aka zauna gaban maigari. A nan na ji san noma ne, ga damina ta yi tsaka, ga ɗan'uwansa ba ya jan garma shi kaɗai. Na zare awarwaron zinariya daga hannuna na ajiye a tabarma. Malam Haru ya kau da kai, ya ce shi ba ya karɓar abin hannun uwa, in mayar, in na isa gida in aiko da abin da ya sauwaƙa, maganata ta ishe shi. Mutumin da bai san ko sunan unguwarmu ba. Na aika daga baya ta hannun Mariyama, kuma ban aika abin kunya ba.

Za mu tashi sai Hadiza ta fito da 'yarta a baya, ta durƙusa gaban Ilu. Ta ce Baba kada ya sa komai a ransa, ita da yarinya lafiyarsu ƙalau. Ilu ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya tambayi Malam Haru wace ce wannan. Ya ce ai iyalina ce, ita ce a kan amalanken jiya. Ilu ya shiga mota ya tayar, muka kama hanyar Damagaram.

Mariyama ta tare ni da kuka da dariya, ta ce ta ɗauka na yi fushi ne. Na ce ruwa ne ya tsare mu. Aka yi biki, na ba da gara, alkakina ya yi suna a garin duk da wanda ɗan sanda ya rage. Ga masu tambayata yadda garin yake, to ku ji. Unguwar Birni kamar cikin garinmu ce kafin siminti ya ɓata shi, gidajen ƙasa da zane a fuskar zaure. Matansu turaren wuta kamar su ci, ko tsumman goge hannu sai an turara shi. Mata suna hawa babur da kansu, babbar mace da mayafinta ta murɗa ta wuce, ba mai kallonta. Kilishinsu ya fi namu, wannan na yarda, amma ba su iya miyar taushe ba, na faɗa musu a gabansu. Abin da ya fi ba ni haushi wutar lantarki. Kwanakin da muka yi ko ƙiftawa ba ta yi ba, da na yaba sai aka ce ai daga ƙasarku ake jawo mana. Azumi ta ce to mu koma da kayanmu a kwalla.

Duk wannan ina yi ne da rabin zuciya, rabin yana kan motar. Na riga na ƙulla abin da zan yi. Mariyama ta haɗa mu da wani tsoho mai gyaran jikin mota a unguwar Zango. Ya buge lotsawar, ya yi fenti, ya nemo gidan fitila daga wata matacciyar Fijo, don a can irin motarmu kamar ƙasa. Da ya ga fararen ƙwayayen ya girgiza kai, ya ce wannan haske a tsohon ido watsewa yake kamar rana a kan ruwa, shi ma ya gwada ya cire. Ya sa mana ruwan ɗorawa duka biyun, irin waɗanda muka yar a Ƙofar Ruwa. Motar ta fito kamar ba abin da ya taɓa ta. Na sa Azumi ta rantse ba za ta faɗa ba. Na ce wa Ilu ya bar mini maganar, wa zai tsare ni da tambaya a gidana? Da magariba ya kunna fitilar a jikin katangar Mariyama, na tambaye shi yaya. Ya ce da sauƙi, Hajiya. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Dawowa da rana muka yi. Na koma wurina na baya, na hana Azumi ko fitsari. Ban taɓa ganin tuƙi mai kyau irin na ranar ba, ko rami ɗaya bai faɗa ba, ko birki mai ƙarfi bai taka ba. Da muka zo ƙauyen su Malam Haru ya rage gudu, ya ɗaga hannu, duk da ba kowa a bakin hanyar. Kafin la'asar muna Gwammaja.

Alhaji Ƙarami yana ƙofar gida. Ya gaishe ni, sannan ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu, gaba da baya. Ya tambayi ina farar fitilar, na ce ba ta yi mini ba, na sa an cire. Ya yi dariya, ya ce Baba Ilu, Hajiya ta ci, mukulli naka ne. Na ji sanyi har cikin ƙashina. Na juya zan shiga zaure sai na ji muryar Ilu.

"Alhaji, tsaya. Mun buge sa a hanya, an gyara motar a Damagaram. Hajiya ta rufa mini asiri, Allah ya rufa nata."

Na ce, "Ilu, wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Hajiya. San na gan shi bayan na buge shi. Amma matar nan da goyonta, wallahi ban san da su ba sai da ta durƙusa a gabana da safe. Ba fitila ba ce."

Ya miƙa mukullin da hannu biyu. Alhaji Ƙarami ya ƙi karɓa, ya sunkuyar da kai. Sai Ilu ya ɗora shi a kan motar, ya shafa wurin sau ɗaya, ya tafi alwala.

An kawo matashin, ya yi gudu da motar shekara biyu ya kashe mata inji. Ilu bai bar zuwa ba. Kullum da hantsi yana kan dakalin ƙofar gida, shi yake wanke ta ko da wani ne zai tuƙa, in ta taho tun daga bakin titi yake gane ta da ƙara. Sai daga baya wani ya ce ai yanar ido ce, cirewa ake yi. Aka kai shi asibitin ido aka yi masa aiki, ya dawo yana ganin zare a ramin allura. Na ce to ga mukulli. Ya ce a'a, hannun ya riga ya yi sanyi. Abin da ke cina har gobe ke nan. Da tun farko asibiti muka kai shi, ba Ƙofar Ruwa muka kai mota ba, da ya mutu da mukullinsa a aljihu. Ba wanda ya yi tunanin haka a cikinmu, har da masu bokon gidan.

Ilu ya rasu da azumi, shekarar da aka yi mana kwalta a lungu. Azumi ta bi shi, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, Allah ya ji ƙanta, ita da ba ta iya riƙe magana. Mariyama ta rasu, Malam Haru ma an aiko mini ya rasu. Fijo tana nan a bayan gida ba taya, kaji suna ƙwai a gidan gaba inda na zauna sau ɗaya. Waɗanda suka rage, ni ce, sai Alhaji Ƙarami, wanda yanzu da kansa ba ya fita da mota bayan magariba, wai fitilun zamani suna kashe masa ido. Sai Hadiza. Sai 'yar da ke bayanta a daren nan, wadda aka ce mini bara ta haihu, namiji, kuma tana nan da ranta.